TANTANIN JIKI DA AMFANINSA GA MOTSI DA LAFIYA

Jawabin da aka gabatar a taron wayar da kan jama'a a Minna, babban birnin Jihar Neja



Abin da ya tara mu yau shi ne wani sashe na jikin ɗan Adam wanda kowa yake ɗauke da shi tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, amma kaɗan ne suka taɓa jin an yi bayaninsa. In aka tambayi ɗan makaranta abin da ke sa mutum ya yi motsi, zai ce ƙashi da tsoka. Ya faɗi gaskiya, amma da saura. Akwai abu na uku wanda ya naɗe ƙashin da tsokar, ya haɗa su wuri guda, ya kuma ba su damar yin aiki tare. Likitoci suna kiransa fasiya, kalmar Latin ce mai ma'anar maɗauri. Mu kuwa muna da sunansa a Hausa tun kaka da kakanni, watau tantani.

Dalili biyu ne suka sa ya wajaba jama'a su san wannan abu. Na farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya, ana kuma zaton za su kai miliyan 843 a shekarar 2050. Babu wani ciwo da ya kai shi naƙasa mutane da hana su neman abinci. Na biyu, har yanzu a asibitocin ƙasarmu akan yanke hannu ko ƙafar yaro wanda karaya kawai ya yi, saboda an matse ɗaurin ya wuce kima. Duka biyun nan suna da nasaba da tantani, kamar yadda za ku ji.

MENE NE TANTANI?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a Kasuwar Kure ya ga tantani da idonsa. Shi ne farin abin nan mai sheƙi da ke lulluɓe da tsokar cinyar sa, wanda mai kilishi yake bi da wuƙa yana cirewa kafin ya shanya nama. In ka ja shi za ka ga sirara ne kamar takarda, amma ba ya tsinkewa da sauƙi. Irinsa ne a jikinmu, kuma masana sun kasa shi kashi uku.

Akwai na sama, wanda yake ƙarƙashin fata tare da kitse. Shi ne yake sa in ka tsunkuli bayan hannunka fatar ta taso, in ka sake ta koma. Akwai na ciki, mai kauri da ƙarfi, wanda ya naɗe kowace tsoka, ya kuma raba tsokokin hannu da na ƙafa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da jijiyoyinsa na jini da na ji. Sa'an nan akwai wanda ya riƙe kayan ciki, ya tsayar da kowanne a mazauninsa. In bangon tantanin mara ya yi rauni har hanji ya samu hanya ya zurara, shi ne ake samun ƙaba ko gwaiwa.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi tantani. Na ɗaya wani zare ne mai ƙarfi da ake kira kolajin, wanda shi ne furotin mafi yawa a jikin mutum. Uwargida ta san shi, domin shi ne yake narkewa in an daɗe ana dafa ƙafar sa, har romon ya daskare in ya kwana. Na biyu wani zare ne mai miƙewa kamar danƙo, ana kiransa ilastin. Na uku kuwa wani ruwa ne mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, sunansa hayaluronan, shi ne yake shiga tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa domin su riƙa zamewa a kan juna in mutum ya sunkuya ko ya juya.

Shekaru aru-aru masu koyon aikin likita suna yi wa tantani abin da mai kilishi yake yi masa, watau su yanke shi su yar domin su ga tsokar da ke ƙarƙashi. Sai a shekarar 2007 aka yi babban taron duniya na farko a kan bincikensa, a birnin Boston na ƙasar Amurka. A shekarar 2015 kuma wata shaihiyar malama, Carla Stecco ta Jami'ar Padua a ƙasar Italiya, ta buga littafi mai hotuna wanda ya bi tantanin jikin mutum sashe-sashe.

AIKIN DA YAKE YI

Aikinsa na farko shi ne isar da ƙarfi daga wannan sashe zuwa wancan. Ku dubi manomin doya a Paiko ko Gwada sa'ad da yake ɗaga galma yana tara ƙasa. Ƙarfin ba daga damtsensa kaɗai yake fitowa ba. Yana tasowa daga ƙafa da ɗuwawu, ya bi ta wani faffaɗan tantani da ya rufe ƙugu, ya haura zuwa tsokar kafaɗar ɗaya gefen, sa'an nan ya isa ƙotar galma. Ɗan dambe da yake kai naushi da ɗan kokawa da yake ɗaga abokin karawarsa duka da wannan hanya suke aiki.

Aikinsa na biyu shi ne tanadin ƙarfi. Tafin ƙafar mutum kamar baka yake, ƙasusuwa su ne itacen bakan, tsirkiyarsa kuwa wani tantani ne mai kauri da ya tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Duk takun da ka yi, bakan yakan baje, tsirkiyar ta miƙe, in ka ɗaga ƙafa ta mayar maka da ƙarfin da ta ajiye. Haka agara take yi a bayan dunduniya, domin ita ma da kolajin aka yi ta, 'yar'uwar tantani ce. Wasu masana na Jami'ar Leeds a Ingila sun auna wannan a shekarar 1987, suka tarar in mutum yana gudu, bakan tafin ƙafa yana mayar masa da kimanin kashi 17 cikin 100 na ƙarfin kowane taku, agara kuwa kimanin kashi 35. Watau fiye da rabin aikin ke nan, kyauta, ba tare da tsoka ta gaji ba.

Aikinsa na uku shi ne ji. Tantani cike yake da ƙananan jijiyoyi masu kai labari ga ƙwaƙwalwa. Wasu suna gaya mata inda hannu ko ƙafa take, shi ya sa za ka iya kai loma baki cikin duhu. Wasu kuma na jin zafi ne. A shekarar 2014 wasu likitoci a Jamus sun yi wa masu sa-kai allurar ruwan gishiri a baya, wani lokaci cikin tsoka, wani lokaci cikin tantani. Allurar tantanin ta fi zafi, zafinta kuma ya fi daɗewa.

To, abin da yake yin wannan aiki duka yana da abokan gaba uku, su ne yawan zama, da gaggawa, da matsi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

YAWAN ZAMA

Dattawanmu sun san yadda garin nan yake a da. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka gama a shekarar 1911, shi ya raya Minna, ta zama garin ma'aikatan jirgi da 'yan dako da manoma masu kawo doya kasuwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a shekarar 1976 sai ta zama garin ofisoshi. A shekarar 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Duka wannan ci gaba ne, muna kuma godiya ga Allah. Amma ya zo da nasa. Yanzu ma'aikaci yakan yini a kujera, tela a kan keke, direba a kan hanyar Suleja ko Bida, mai Keke Napep daga Bosso zuwa Chanchaga, ɗalibi kuma a Gidan Kwano ya sunkuya a kan kwamfuta, in ya tashi ya sunkuya a kan waya. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba su motsa jiki yadda ya kamata.

In gaɓa ta daɗe ba ta motsa ba, zaren kolajin yakan cakuɗe, ruwan nan mai yauƙi ya yi kauri, shimfiɗun da ya kamata su zame a kan juna su fara mannewa. Wanda aka taɓa sa wa hannu a filasta ya san yadda gwiwar hannun take ƙagewa ranar da aka cire. A shekarar 2011 Dokta Helene Langevin ta Jami'ar Vermont a Amurka ta duba ƙugun mutum 121 da irin na'urar da ake duba masu juna biyu. Ta tarar a wurin masu daɗaɗɗen ciwon baya, zamewar tantanin ƙugu ta ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. Wannan ba ya nufin kowane ciwon baya daga tantani yake. Amma ya dace da abin da likitoci suka tabbatar ta wasu hanyoyi, cewa doguwar kwanciya tana ƙara wa mai ciwon baya wahala ne, sauƙinsa yana cikin ci gaba da motsi gwargwadon iko. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa.

GAGGAWA

Tsoka tana da jini da yawa, saboda haka cikin 'yan makonni na atisaye takan ƙara ƙarfi. Tantani da agara kuwa jininsu kaɗan ne, sai an yi watanni kafin su kamo ta. A nan ne samari suke faɗawa rami. Saurayi ya je filin wasa na Bako Kontagora ya kalli Niger Tornadoes, ƙungiyar da ta ɗauko wa jihar nan Kofin Ƙalubale a shekarar 2000, sai ya ce shi ma gobe zai fara. Mako biyu ya ji ƙarfi ya zo, sai ya ninka gudu, ya ninka tsalle. Tsokar ta yarda, amma agara da tafin ƙafa ba su shirya ba. Haka yake ga ma'aikacin da ya shekara a ofis, ruwan farko ya sauka ya ɗauki fartanya ya ce yau sai ya gama gonar.

Ciwon da aka fi samu ta wannan hanya shi ne na tsirkiyar tafin ƙafa. Alamarsa sananniya ce, mutum ya sauko daga gado da asuba ya ji kamar ya taka ƙusa a dunduniya, in ya ɗan yi tafiya ya lafa, in ya zauna ya tashi ya dawo. Yakan kama masu doguwar tsayuwa, kamar malamai da 'yan sanda da 'yan kasuwa, da kuma masu ƙiba. Mafi yawan masu shi sukan warke cikin shekara guda ta hanyar rage abin da ya jawo shi, da miƙa sharaɓa da tafin ƙafa kullum, da sa takalmi mai taushin dunduniya.

Ga wani abu da ya kamata iyaye da malamai su riƙe. Gwajin bama-baman nukiliya da aka yi tsakanin 1955 da 1963 ya bar wata alama a iska wadda ta shiga abinci, ta shiga jikin mutane. Da wannan alama masana a Kopenhagen ta ƙasar Denmak suka gano a shekarar 2013 cewa tsakiyar agara ana gina ta ne a cikin shekaru 17 na farkon rayuwa, bayan nan kuwa ba ta cika sabuntuwa ba. Ashe langa da tsere da tsalle-tsallen da yara suke yi a dandali gini ne suke yi wa tsufansu. Kada a hana su, maza da mata, kuma kada makaranta ta cinye lokacin wasa da wani darasi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MATSI

Wannan shi ne mafi haɗari, ina roƙon kowa ya kasa kunne. Na ce tantani na ciki ya raba damtse da ƙwauri ɗaki-ɗaki. Bangon waɗannan ɗakuna ba ya buɗewa. In ƙashi ya karye, jini da kumburi sukan taru a ciki. In kuma aka zo aka jera karare aka ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba shi da inda za shi, sai ya danne hanyoyin jini. Cikin awa 6 zuwa 8 tsoka tana iya mutuwa, daga nan sai ruɓewa, daga ruɓewa sai yankewa.

Alamun da za a lura da su su ne: zafi mai tsanani da ke ƙaruwa, wanda magani ba ya kwantar da shi, ihu in an miƙar da yatsun mai karayar, wurin ya yi tauri kamar dutse, yatsu su mutu, ko su yi sanyi, ko su canza launi. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Can likita yakan tsaga tantanin domin jini ya samu hanya, a ceci gaɓar. Kada a ce a bari sai gari ya waye, kada kuma a ce zafin alama ce ƙashi yana kamawa. Masu ɗorin gargajiya mutanenmu ne, jama'a sun amince da su, saboda haka muna kira gare su da su riƙa barin yatsu a waje inda za a gan su, su duba ɗauri safe da yamma, su kuma tura duk karayar da ta fasa fata zuwa asibiti. Ko filastar asibiti ce ta matse, hukuncin ɗaya ne, a koma a buɗe ta.

Har wa yau akwai ƙwayoyin cuta masu bin tantani suna cinsa da sauri kamar wutar daji. Sukan shiga ta ɗan ƙaramin rauni ko allurar da ba ta da tsabta, sun fi kuma kama masu ciwon sukari. In wuri ya kumbura da zafin da ya fi ƙarfin raunin, ga zazzaɓi, fata ta fara baƙi ko ta yi bororo, wannan aikin tiyata ne na gaggawa.

HATTARA DA MASU TALLA

Tun da sunan fasiya ya yaɗu a intanet, an samu masu sayar da robobin murzawa da injunan tausa da man shafawa, suna cewa kayansu yana fasa tantanin da ya daskare. Gaskiyar magana, tantanin cinya da na tafin ƙafa sun fi ƙarfin hannu ko roba ta sauya musu siffa. Tausa tana da daɗi, tana rage zafi, tana sake jiki na ɗan lokaci, babu laifi a yi ta. Amma ba ta maye gurbin motsi.

A ƙarshen shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ta yarda da motsa jiki da ilimantar da majiyyaci da tausa. Ta ce kada a dogara da ɗamarar baya, kada kuma a yi amfani da magunguna masu sa maye, dangin da tiramol yake ciki. Kazalika maganin nan siprofuloksasin, wanda ake yawan sha saboda taifot, yana iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura shekara 60. Tun shekarar 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a jikin kwalinsa. Kada a sha sai da izinin likita, wanda kuma ya ji ciwon agara yana cikin sha, ya koma wurin likitan ba da jinkiri ba.

ABIN DA ZA MU YI

1. Kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Minti 30 sau biyar ke nan in an ɗauki mafi ƙanƙanta. Yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 kowace rana. Wannan shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020.

2. Sau biyu a mako a yi aikin ƙarfi, kamar tsugunno da tashi, ko ɗage a kan yatsun ƙafa, ko ɗaga jarkar ruwa. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya yana dafe da bango, sau uku a mako, domin gudun faɗuwa.

3. Mai aikin zama ya riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa ko awa guda, ya yi miƙa, ya ɗan taka. Direba ya tsaya a hanya ya zagaya motarsa.

4. A riƙa sauya motsi. Manomi ya miƙe lokaci-lokaci ya dafa ƙugu ya ɗan karkata baya. Mai ɗauka a kafaɗa, kamar yadda iyayenmu mata na Gbagyi suka saba, ta riƙa sauya kafaɗa. Mai ɗaga buhu ya durƙusa da gwiwa, ya matso da kayan kusa da jikinsa.

5. A ɗumama jiki minti 5 zuwa 10 kafin wasa ko aiki mai nauyi, a kuma ƙara atisaye kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Sannu ba ta hana zuwa.

6. A ci abinci mai gina jiki, wake da gyaɗa da kifi da ƙwai da nono. Jiki ba ya iya saƙa kolajin sai da bitamin C, wanda yake cikin gwaba da lemo da gwanda da mangwaro da tattasai da garin 'ya'yan kuka. A bar taba, domin tana jinkirta warkewar rauni. Mai ciwon sukari ya kula da shi, domin yawan sukari a jini yana sandarar da kolajin, shi ya sa riƙewar kafaɗa ta fi yawa a cikinsu.

7. A garzaya asibiti in ciwon baya ya zo da raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko zazzaɓi da rama da gumin dare, ko kuwa bayan faɗuwa ko haɗari ne.

INA ZA A NEMI TAIMAKO?

A nan Minna akwai Babban Asibiti da Asibitin Ƙwararru na IBB a Chanchaga. A Bida akwai asibitin Gwamnatin Tarayya, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Ma'aikatan da suka ƙware a kan tsoka da tantani da gaɓoɓi su ne likitocin gashin ƙashi, waɗanda ake kira fisiyo. Doka mai lamba 38 ta shekarar 1988 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, saboda haka haƙƙinka ne ka tambayi duk mai cewa shi gwani ne ya nuna maka shaidarsa.

Jama'a, babu ɗaya daga cikin shawarwarin nan da yake bukatar kuɗi mai yawa. Muna roƙon hakimai da masu unguwanni su kai saƙon matsin ɗauri ƙauyuka, malamai su kai shi aji, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Jiki magayi ne, in ya yi magana a saurare shi tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya taimaki Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya.